Saƙar Manoma: Waƙar Yaya Habu Da Muke Nema

A wannan daminar Yaya Habu ke cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Haka lissafina ya ba ni. Matarsa Hajara ta ce goma sha uku ne, kuma ban cika cin gardama da ita ba. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san irin mutumin da ke ba shi labari. Wasu abubuwan da zan faɗa a gabana aka yi su, wasu ji na yi, wasu kuma na juya su a zuciya har na kasa tantance ko haka suka faru ko haka nake so a ce sun faru. Duk inda nake shakka zan faɗa.

Habu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu yana wani ƙauye a yankin Roni, kuma gidan makaɗan noma ne. Mahaifinmu ganga ya gada, ita ya bari. Ni aka sa a makaranta, na zarce har jami'a, yanzu ina koyarwa a Kazaure. Yaya Habu ya zauna gida ya ɗauki waƙa, Baba Ɗanladi kuma, wanda ya taso a hannun mahaifinmu, ya riƙe masa ganga.

Waƙoƙi biyu ya bari da nake so in yi magana a kansu. Ɗaya ba sai na koya wa kowa ba a ƙasarmu. In ka taɓa jin mace na daka tana cewa "Gero na jira, mu je, mu je," ko ɗan acaba na rera ta a bakin tasha, to ka ji Yaya Habu, ko da ba ka san sunansa ba. Ɗayar kuma, wadda ya kira Saƙar Manoma, ita ce ya ɗauka aikin rayuwarsa. Yau babu mutum ɗaya a duniya da zai iya kai ta daga farko zuwa ƙarshe. Ɗansa Nasiru, mai situdiyon ɗaukar waƙa, yana so ya naɗe ta kafin ta tafi gaba ɗaya, kuma mun tarar da rami a tsakiyarta. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Yawancin ɗaliban da nake koyarwa ba su taɓa ganin gayya da ganga ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Mai gona ne zai gayyaci samarin ƙauyuka su taru su nome masa ita a yini guda, shi kuma ya ciyar da su. Za su jeru, kowa da kunyarsa, makaɗi na gabansu yana ja da baya. Kowane gwanin noma yana da takensa, wato wani salon kiɗa da 'yan kalmomi da aka san nasa ne shi kaɗai. Da ganga ta ɗauko taken mutum sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya fita daga layi, ya yi gaba kamar ba ƙasa yake sara ba. Ƙa'idar ita ce, in an ɗauko taken mutum ba a sauke shi sai ya kai ƙarshen kunyarsa ya miƙe ya ɗaga fartanya. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a gayya ya san shi.

Yaya Habu ya san ƙa'idar fiye da kowa. Matsalarsa ita ce kiɗan noma ya yi masa kaɗan. Mutum ne da ba ya son abu mai sauƙi. Ko igiyar akuya zai ɗaure, sai ya yi mata ƙullin da babu mai kwance shi sai shi. Yakan ce waƙar da mutum zai ɗauke a ji ɗaya ba waƙa ba ce, tafi ne aka sa wa magana. A ganinsa darajar waƙa tana cikin wahalar da aka sha a kanta: yawan juyin kiɗa, da yadda amshi ke sauyawa, da yadda mai saurare zai dawo karo na biyar ya tsinci abin da bai ji ba a karo na farko. Ban ce ya yi kuskure ba. Zan dawo kan wannan.

A wani rani, lokacin ina jami'a ina zuwa hutu, ya zauna da Baba Ɗanladi a zauren gidanmu suka fara wani aiki da ban taɓa jin an yi irinsa ba, ko da yake ban san duk abin da aka yi a wasu wurare ba. Ya tattaro taken gwanayen noma na Roni da Gwiwa da Yankwashi har zuwa ƙasar Babura, masu rai da waɗanda suka riga mu, ya ce zai saƙa su a waƙa guda. Ya lura cewa wutsiyar taken wani takan yi kama da kan taken wani. Sai ganga ta ɗauko na wannan, kafin ta dire sai ta sulale cikin na wancan, ba ka jin wurin ɗinkin. Wani lokaci takan riƙe biyu tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mu 'yan amshi, ni da wasu samari uku na ƙauyenmu, amshinmu na sauyawa da kowane take. Mun sha faɗa. Ni na fi kowa sha, domin ina da ɗabi'ar jira in tabbatar kafin in buɗe baki, kiɗa kuwa ba ya jiran mai tabbatarwa.

Hajara takan leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam Boko, yau ma ka faɗi jarrabawar? Ku dai ku gama saƙar nan mu ga ko za ta rufe wani."

Baba Ɗanladi ne kaɗai ya yi masa maganar da ta dace. Ranar da aka kawo goron gayyar Ardo Buba, wani Bafulatani da ya zauna ya kama noma a yankin Gwiwa, Yaya Habu ya ce a can za a fara jin Saƙa. Baba Ɗanladi ya ajiye gular da yake kaɗa ganga da ita ya ce, "Habu, wannan waƙar ta zaune ce. Kada ka kai ta gona."

"Baba, manomi ba kurma ba ne. In ya ji abu mai kyau zai gane."

"Zai gane, in yana da numfashin ganewa."

Aka yi dariya, aka bar maganar. Baba Ɗanladi ba mai musu da ɗan maigidansa ba ne.

Gonar Ardo Buba babba ce, geron ya kai gwiwa, ciyawa kuma ta kusa cin ƙarfinsa saboda ruwan da aka jera. Shi da 'ya'yansa ba za su iya da ita ba, ga shanu na jiransu. Matansa sun dama fura mai yawa, an yanka rago. Tun da hantsi akwai hadari a gabas, yana tsaye bai matso ba. An fara da kiɗan da aka saba, layi ya miƙe, aiki na tafiya. Sai Yaya Habu ya waiwayo ya ɗaga mana gira.

Farkon Saƙa ya wuce lafiya, domin taken mamata ne, babu mai fita daga layi. Sannan ganga ta ɗauko taken Tanko, gwanin wani ƙauye kusa da Yankwashi. "Tanko, ƙasa ta san ka." Tanko ya yi ihu ya yanka gaba, mutanen garinsu na yi masa kirari. Yana tsakiyar kunya, daidai inda jininsa ya gama hawa, sai ganga ta sulale cikin taken Sale Dogo, wanda kowa ya san abokin hamayyarsa ne. A zaure wannan wurin ne ya fi burge mu. A gona kuwa, Sale ya ji an kira shi, ya yi tsalle ya fita. Tanko ya sara sau biyu a kan kiɗan da ba nasa ba, sannan ya miƙe tsaye.

"Ɗanladi! Mutuwa na yi ne da za ka binne ni a tsakiyar kunya?"

Mutanen Sale suka fashe da dariya. Wani ya ce ai ganga ce ta gaji da jiran Tanko. Sauran layin kuma ba su san wane bugu za su bi ba, fartanyu na sauka ba tare ba, har na ga wani ya sare gero da ciyawa a haɗe. Mu 'yan amshi muka rikice, rabinmu na amsa na Tanko, rabi na Sale. Hannun Baba Ɗanladi ya tsaya a kan fata. Samarin garin su Tanko suka saɓa fartanyunsu a kafaɗa suka nufi bakin gona. In sun tafi, gayya ta watse.

Ardo Buba ya tako a hankali, da sandarsa a bayan wuya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Habu, ni ban san kiɗa ba. Hadari na sani. Dube shi."

Ban san tsawon lokacin da Yaya Habu ya ɗauka yana kallon hadarin ba. A zuciyata yana da tsawo, wataƙila kuma bai kai haka ba. Na dai ga ya dafa kafaɗar Baba Ɗanladi ya ce masa ya ba shi bugu ɗaya, irin na tafiyar ƙafa, kada ya ƙawata. Sannan ya buɗe murya:

Gero na jira,
Mu je, mu je.
Hadari na tafe,
Mu je, mu je.

Shi ke nan waƙar. Babu take a cikinta, babu sunan kowa, don haka babu wanda za a ce an fifita. "Mu je" na farko yana faɗawa lokacin da fartanya ke sauka, na biyu lokacin da ake jan ƙasa, layin Yaya Habu kuma yana ba mutum damar shaƙar iska. Ba mu muka fara amsawa ba, manoman ne. Samarin da suka kai bakin gona suka tsaya, suka dubi Tanko. Da layi ya daidaita sai Yaya Habu ya sa aka ɗauko wa Tanko takensa tun daga tushe, aka raka shi har ƙarshen kunya, ya ɗaga fartanya. Ba mu gama gonar ba. Ruwa ya sauko saura wata kusurwa, wadda na ji 'ya'yan Ardo sun ƙarasa daga baya. Amma geron ya tsira.

Yaya Habu ya koma gida fuska a ɗaure. Kafin kasuwa ta zagayo, Hajara ta jiyo 'yan matan maƙwabta na daka da waƙar.

Ta ce mini, "Malam Boko, gaya wa yayanka ya saki fuska. Waƙarsa ta shiga turmi."

Yana jin ta. Ya ce, "Turmi kuma! Na yi rani guda ina saƙa, sai tsumman da na share gumi da shi aka ɗauka aka yi tuta."

In da labarin ya tsaya nan, da darasinsa ya yi sauƙi, kuma na ji mutane da yawa na ba da shi haka: wai mai son wahala ya sha kunya, sauƙi ya yi nasara. Ban yarda ba, domin na ga abin da ya biyo baya.

Bayan kaka, aka yi naɗin sarkin noma a wani ƙauye kusa da Roni, aka gayyace mu. Bayan la'asar ne, a gindin wata tsamiya, mutane zazzaune a kan tabarmi. Yaya Habu ya fara zuwa wurin Tanko da Sale ya durƙusa ya gaishe su, ya ce, "Yau babu kunya a gaban kowa. Ku ba ni aron takenku, zan mayar muku." Tanko ya ce in dai za a binne shi, a binne shi a zaune. Aka yi dariya, aka fara.

Ban iya kwatanta kiɗa da rubutu ba, kuma ina tsoron in zuzuta abin da yayana ya yi. Abin da na gani dai shi ne, wurin ya yi tsit irin wanda ban saba gani ba a taron biki. Dattawa na jin taken iyayensu na wucewa, wani na shiga cikin wani, mutanen da a rayuwarsu ba su taɓa noma gona ɗaya ba ga su a layi guda. Da aka iso inda Tanko ke shiga cikin Sale, su biyun suka dubi juna, Sale ya girgiza kai yana murmushi. Bayan wannan ne ganga ta ɗauko wani take da ni ban san mai shi ba. Wani dattijo Bafulatani, siriri, da aka ce daga wajen Babura ya zo, ya miƙe tsaye. Bai yi ihu ba, bai yi rawa ba. Ya tsaya kawai, hannunsa na dama na motsi kamar mai riƙe da ƙotar fartanya, har taken ya wuce. Can gaba kaɗan taken ya sake dawowa a ƙarƙashin wani, dattijon ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Na kusa da ni ya ce na wansa ne, wanda ya rasu tun yana saurayi, kuma rabon da a kaɗa taken tun ranar. Ban ji sunansa ba, ko kuma na ji na manta.

"Gero na jira" ba za ta iya yin wannan ba. Ba a gina ta don haka ba.

Iyakar sanina, wannan ne karo ɗaya da aka kai Saƙar Manoma ƙarshe a bainar jama'a. Waƙa ce mai bukatar mutane su zauna tare su yi ta maimaitawa. Ni na koma makaranta, biyu daga cikin 'yan amshi suka tafi cirani ba su dawo da zama ba, na ukun ya bar kiɗa. Duk inda aka gayyaci Yaya Habu kuma, kafin ya daidaita tsayuwa an fara yi masa ihun "Mu je, mu je." Yakan yi musu ita, amma fuskarsa kamar mai shan maɗaci. Na ji an ce wani ya ɗauki taron tsamiya a rakoda. Ban taɓa ganin kaset ɗin ba, ban kuma haɗu da wanda ya gan shi da idonsa ba.

Mun yi ta gardama da shi a kan wannan har shekarunsa na ƙarshe. Ni a lokacin ra'ayina shi ne, tunda jama'a sun ɗauki ƙaramar sun bar babbar, to jama'a sun yanke hukunci. Ya ce, "Isa, mura ma ai kowa na ɗauka." Na ce masa waƙa don mutane ake yin ta. Ya ce wane mutum, wanda ke sunkuye ko wanda ke zaune? Na ce ai duk mutum ɗaya ne. Ya ce to me ya sa kake so ka ba shi abinci iri ɗaya safe da rana? Ba na cewa ya kayar da ni, amma ban sami amsar da ta gamsar da ni ba, har yau.

Abin da na tsaya a kai yanzu, kuma ina faɗarsa da taka-tsantsan, shi ne wahalar waƙa ba ita ke sa ta yi kyau ba. Da haka ne, da Saƙa ba ta watsa gayyar Ardo Buba ba. Waƙar ɗaya ce a gona da gindin tsamiya, juyinta bai ƙaru ba bai ragu ba, amma a wuri ɗaya ta zama cin fuska, a ɗayan ta sa dattijo kuka. Sai dai kuma sauƙi ma ba shi ke sa waƙa ta yi kyau ba. Waƙoƙi masu layi biyu sun cika duniya, yawancinsu ba sa kwana. Kuma daɗewar waƙa a bakin mutane ba hujja ba ce cewa ta fi 'yar'uwarta. Mai yiwuwa ta fi ta sauƙin ɗauka ne kawai. Ina kuma zargin cewa ba don ranin da Yaya Habu ya ɓata yana auna inda bugu ke faɗawa da inda numfashi ke shiga ba, da bai iya dasa "mu je" daidai kan saukar fartanya cikin ƙiftawar ido ba. Hajara ba ta yarda da wannan ba. Ta ce, "Bar wahalar da kanka, Malam Boko. Tsoro ne ya haifi waƙar nan. Ya ga samari za su tafi da ragon mutane a ciki."

Ita ce kuma ta ba ni labarin da ya fi tsaya mini a rai. A jinyarsa ta ƙarshe, da ba ya iya cin komai sai kunu, takan zauna a ƙofar ɗaki tana damawa tana rera "Gero na jira" ba tare da ta lura ba. Sai ta ga yatsansa na buga tabarma. Amma ba bugun waƙar yake bi ba, wani bugu ne daban da ke ratsa ta. Ita ta ce gyara mata yake yi, kamar yadda ya saba. Ni kuwa ina jin nema mata wuri yake yi a cikin Saƙa. Ba ni da hujja. Ban kasance a wurin ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga yau. Gonakin da ake tara samari a kansu, yanzu mutum ɗaya ne da tankin feshi a baya yake gama su kafin azahar. Ba na kukan wannan, domin na san ciwon bayan da fartanya ke bari. Amma take ba ya rayuwa in babu kunyar da za a raka mutum, kuma samarin yanzu ba su da take. Na san wannan zai dame shi. A ɗaya ɓangaren, ina jin da ya shiga situdiyon Nasiru a Kazaure da ba zai fito ba sai an kore shi. Na'urar da za ta riƙe murya a kan murya, ta ajiye bugu biyu tare, ba ta tafiya cirani, ba ta jira ta tabbatar kamar ni, ai ita ya rasa. Abin da zai ba shi haushi, in na san shi, shi ne ya ga an sami wannan duka amma ana ta fitar da waƙoƙi a kan bugu ɗaya. Kwanakin baya wani ɗalibina ya kunna mini "Gero na jira" a wayarsa, an sa mata fiyano, an ce ta wani yaro ce a birni. Na ce masa ta yayana ce. Ya yi murmushin ladabi irin na wanda bai yarda ba. Ban san ko Yaya Habu zai yi fushi an ɗauke masa ita ba, ko zai ce a kai kasuwa.

Kafin ruwa ya sauka bana, ni da Nasiru muka hau babur zuwa Kanya Babba, inda Baba Ɗanladi ke zaune yanzu a gidan 'yarsa. Ya tsufa ƙwarai. Hannunsa na rawa in zai ɗauki kofi, amma da aka ɗora masa ganga a cinya rawar ta ragu. Nasiru ya kunna na'urarsa. Baba ya ɗauko Saƙa tun daga kai, taken mamata ɗaya bayan ɗaya, ni kuma amshi na dawo mini a baki ba tare da na neme shi ba. Ya shiga na Tanko. Ya sulale cikin na Sale Dogo, ɗinkin nan bai nuna ba. Sai hannunsa ya tsaya a kan fata, daidai inda ya tsaya a gonar Ardo Buba.

Ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a nan. Ya tsallake ya kaɗa mana ƙarshen waƙar, yana nan daram. Tsakiyar ce babu. Ni ma ba ni da ita, domin amshin wannan wurin gajere ne, ganga ce ke ɗauke da nauyin, kuma kalmomin suna bakin Yaya Habu.

Nasiru ya ce, "Baffa, in cike gurbin mana. Zan iya haɗa wani abu da zai shiga daidai. Wallahi ba wanda zai gane."

Kafin in yi magana Baba Ɗanladi ya ce, "Mai taken zai gane."

"Ai wataƙila ya rasu, Baba."

"To 'ya'yan gidansu fa, su ma duk sun rasu? Ubanka ya yanke wa mutum ɗaya take an kusa tashin gari. Kai kana so ka ba mutum taken da ba nasa ba?"

Nasiru ya bar maganar. Yaro ne mai hankali, kuma na fahimci gaggawarsa, domin shi ma yana kallon hannun nan. Baba ya ce in aka kaɗa masa kan taken da ke biye da na Sale, ko da baki ne, yana jin sauran za su biyo, domin haka Habu ya ɗinka su, kowanne na jan na bayansa. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Isa, kai ne mai sanyin jiki tun kana amshi. Wannan karon kada ka jira ka tabbatar."

To ban jira ba, ga shi na rubuta da shakkuna a ciki. Abin da ya rage na Yaya Habu a duniya kashi biyu ne: waƙar da kowa ke rerawa babu sunansa, da waƙar da ke ɗauke da sunansa babu mai iya rera ta. Ta farkon ba ta bukatar taimakon kowa. Ta biyun tana hannun tsoho ɗaya a Kanya Babba. Allah Ya jiƙan Yaya Habu, Ya gafarta masa, Ya jiƙan gwanayen da ya tara a layi guda.

Ina roƙon duk wanda ya halarci gayyar Ardo Buba ko taron gindin tsamiya, in na kauce a wani wuri, ya aiko da gyara ta hannun wannan jarida, zan karɓa da godiya. In shekarun goma sha uku ne, a faɗa, Hajara za ta ji daɗi. Amma roƙona mafi girma yana ga dangin dattijon nan na wajen Babura da ya miƙe tsaye, domin taken wansa na cikin wurin da ya ɓace, da duk gidan da aka taɓa kaɗa wa mahaifinsu ko kakansu take a ƙasar nan. Ba sai kun iya ganga ba. Ku buga shi a kan ƙwarya ko a cinya, ku ɗauka a waya. Abu ɗaya muke tambaya, kuma Baba Ɗanladi na zaune da ganga a cinya yana jira: bayan taken Sale Dogo, na wa ke shigowa?